Kunnuwan Sarki da Zauren Talaka a Birnin Kano

Duk wanda ya tsaya ya dubi abin da ya rage na ganuwar Kano, wadda tarihin sarakunan birnin ya ce Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta a wajajen farkon ƙarni na 12, yaƙi zai fara faɗo masa a rai, da rundunonin Kwararrafa da na Katsinawa da aka tayar da ita dominsu. Alhali kuwa kwanakin yaƙi kaɗan ne in an auna su da kwanakin lafiya, kuma aikin da ganuwar ta fi yi a mafi yawan zamaninta shi ne ta tilasta wa kowane mai shiga da mai fita ya bi ta ƙofa, inda aka ajiye mutumin da zai gan shi. Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Mazugal da Kansakali da Kabuga da Na'isa da sauransu, kowacce tana da Sarkin Ƙofarta, wanda yake rufe ƙyaure in dare ya yi, ya buɗe da asuba, ya san ayarin da ya sauka da inda ya fito, kuma abin da ya gani na mamaki ba ya kwana bai isa fada ba.

Baƙon da ya wuce ƙofa bai kuɓuce wa ido ba. Yana da fatoma ko mai masauki wanda zai adana kayansa, ya nemo masa masu saye, ya kuma amsa tambaya a kansa in an yi ta. Mai masauki yana ƙarƙashin mai unguwa. Kasuwar Kurmi tana da sarkinta da dillalanta, waɗanda suka san wanda ya yi arziki dare ɗaya da wanda ya karye. Dogarai suna yawo cikin lunguna. Hakimai kuwa, da yake a birni suke zaune kafin zuwan Turawa, jakadunsu ne suke fita ƙauyuka su tattaro kuɗin ƙasa, su dawo da shi tare da labarin wanda ya yi biyayya da wanda ya yi gunaguni. Har cikin gidajen manya, inda namiji baƙo ba ya shiga, jakadiya tana shiga da saƙon fada ta fito da abin da ta ji. Babu ofis, babu kundin ajiye sunaye, amma da wuya a ce akwai wani sarki a Sudan ta tsakiya da ya fi Sarkin Kano sanin abin da yake gudana a garinsa.

Saboda haka mas'alar da mutanen wannan zamani suke jayayya a kanta, watau iyakar da ya kamata hukuma ta tsaya wajen binciken asirin mutane, ba baƙuwa ba ce a wannan birni, kuma malamai sun riga 'yan boko yin magana a kanta da ɗaruruwan shekaru. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi al-Maghili ya sauka Kano, ya rubuta wa sarki risalar nan mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Bai hana sarki neman labari ba. Hasali ma ya wajabta masa shi, ya umarce shi da hattara a gida da a tafiya, da sanin halin abokan gaba ta hannun amintattu. Amma abin lura shi ne inda ya fi karkata idon sarki: ya bincika halin waɗanda suke kurkuku, da dukiyar marayu a hannun masu riƙonta, da baitulmali, da ma'aikatansa da abin da suke tarawa, ya kuma zauna inda mai rauni zai iya kai masa kuka da bakinsa. Gargaɗin da ya yi ta maimaitawa a ƙarshen babuka shi ne cewa ɓuyan sarki daga talakawansa shi ne tushen bala'i. A fahimtata, ma'anar wannan ita ce sarkin da talaka yake iya gani ba ya bukatar kunnuwa masu yawa, wanda ya shige ƙurya kuwa dole ya rayu da abin da aka raɗa masa, ya hukunta bayin Allah a kan maganar da ba shi da hanyar tantance ta.

Fikihun da aka karanta a zaurukan Madabo da sauran unguwannin malamai ya ƙara fayyace wannan iyaka. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta haɗa mummunan zato da tajassusi da giba ta hana su a wuri ɗaya, aya ta 6 ta surar kuma ta yi umarni da a tabbatar da labarin da fasiƙi ya kawo kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane bisa jahilci a wayi gari ana nadama. Ɗalibai sun san ƙissar da ake ruwaitowa game da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya haura katangar wani gida da dare ya tarar da mai gidan cikin saɓo, mai gidan ya nuna masa cewa shi laifi ɗaya ya yi, halifa kuwa ya yi bincike, ya shigo ba ta ƙofa ba, ya kuma shigo ba da izini ba, sai Umar ya karɓi hujjar ya fita. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya mai da wannan ƙa'ida a babin hisba na littafinsa kan hukunce-hukuncen mulki: abin da mutum ya ɓoye a bayan ƙyaurensa ba a tona shi, sai fa in amintacce ya kawo labarin wata ɓarna da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce an keɓe da wani za a kashe shi. Sharuɗɗan a bayyane suke, wato a sami mai ba da labari abin yarda, a sami cuta takamaimai, a kuma tsaya ga gidan da ake tuhuma ban da na maƙwabta. Ginin gidan Bakano ma a kan wannan fahimta aka yi shi, domin baƙo yana tsayawa a zaure ya yi sallama, aboki ya kai shigifa, daga nan kuma ba shiga, ko da ɗan sarki ne. Da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya iso Kano a wajajen 1807, yana ƙyamar son duniyar da ya fara gani a cikin jama'ar jihadi, mutanen gari suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don su san yadda ake mulki bisa shari'a, a kan wannan gado ya ɗora.

Ba na cewa an bi wannan ƙa'ida yadda aka rubuta ta. Hausawa ba su ce ba a mugun sarki sai mugun bafade ba sai da suka ga abin da annamimi yake iya yi a fada. A ƙarni na 19 manyan bayin sarki, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, su ne ƙofofin da hakimi yake bi maganarsa ta isa ga sarki, kuma wanda yake riƙe da ƙofar magana yana iya faɗaɗa ta ko ya ƙuntata ta gwargwadon gaisuwar da aka kai masa. Zamanin Sarki Muhammadu Bello ya cika da tuɓe masu sarauta da zargin juna tsakanin gidansa da gidan wansa Abdullahi Maje Karofi, har abin ya haifi Basasa bayan rasuwarsa a 1893, Tukurawa na gidan Bello da Yusufawa na gidan Maje Karofi suka zubar da jinin juna, 'yan kaka ɗaya.

Turawa sun iske wannan sana'a a shirye, suka ɗauki masu ita aiki tun kafin su ɗauki bindiga. Da ɗan gari akan ci gari. Wani ɗan kasuwa mai suna Adamu Jakada ya yi wa Kamfanin Neja aiki, daga baya ya yi wa gwamnatin Lugga, yana kai wasiƙu tsakaninsu da sarakuna yana kuma aika musu rahoton halin da ƙasa take ciki, kuma rahotanninsa na 1899 zuwa 1901 suna nan a ajiye har masu tarihi sun nazarce su. Da Magajin Keffi ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba na 1902, a rikicin da masu ba da labarinsa da yawa suka ɗora alhakinsa a kan ɗan tsakanin da ya murɗa magana, ya gudo Kano Sarki Alu ya karɓe shi, sai Turawa suka sami dalilin da suke nema. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya shiga birni, Alu yana hanyar Sakkwato, kuma masu bindigar ba baƙin labarin ganuwa da ƙofofinta ba ne. Daga ranar kunnuwa suka zama biyu a Kano, na sarki yana sauraron talaka, na Razdan yana sauraron sarki. Tafinta da masinja, waɗanda jiya ba a san iyayensu a fada ba, suka zama mutanen da hakimi yake tashi ya tarbe su, domin Baturen bai san abin da aka ce ba sai abin da suka ce an ce. A 1908 Razdan Cargill ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan fada, ya naɗa shi Waziri ba da son Sarki Abbas ba, abin da aka warware cikin shekara mai zuwa, amma ya isa ya nuna wa kowa wanda yake da iko da ƙofar magana a sabon zamani.

Abin da ya fi hana Turawa barci shi ne Mahadiyya, musamman bayan abin da ya faru a Satiru kusa da Sakkwato a 1906. Daga nan malami mai yawan almajirai, da alhajin da ya dawo ta Sudan, da wasiƙar Larabci da ta fito daga gabas, duk suka zama abin tuhuma, har aka aika wani jami'insu mai suna Lethem ya bi hanyar alhazai zuwa Sudan da Jidda da Masar, shi da abokin aikinsa Tomlinson suka haɗa rahoto mai tsawo a kan abin da suka kira farfagandar Musulunci. A cikin wannan yanayi aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Dumbulwa a 1923, bisa zargin shirya tawayen da bai taɓa aukuwa ba, aka kai shi Buea a ƙasar Kamaru, daga baya aka dawo da shi Kano a ci gaba da tsare shi, bai sami 'yancinsa ba sai 1959. Shekara talatin da shida na rayuwar mutum suka tafi a kan zato, ba a tsayar da shi gaban alƙali an kawo bayyina ba. Wannan ita ce nadamar da ayar Hujurati ta yi gargaɗi a kanta, sai dai waɗanda suka aikata ba su zauna a ƙasar sun yi ta ba.

Zamanin da dattawan birni suka fi tunawa kuwa shi ne na siyasa. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, mutum takwas ne suka fara ta, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta daga baya, kuma tun daga lokacin 'yan dokan En'e, waɗanda aka kafa a shekarun 1920 don su karɓi aikin tsaron gari daga hannun dogarai, suka sami sabon aiki da ba kama ɓarawo ba. Izinin lacca a hannun En'e yake, ɗan doka na En'e ne, alƙalin da zai yi shari'a En'e ce take biyansa, gidan yarin ma nata ne. Saboda haka maganar da tela ya faɗa a bakin kekensa, ko ɗan koli a Kurmi, in mai kai tsegumi ya ɗauke ta ya ce zagin sarki ne, tana iya zama bulala da wata shida kafin rana ta faɗi. A 1953 aka ɗaure Gambo Sawaba wata uku a Kano saboda ta tara mata ta yi musu maganar siyasa, kuma a shekarar ne 'yan Mahaukata suka fito suna dukan 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU, da sunan kare martabar sarauta. Ɓarnar da ta fi bulala muni ita ce wadda ta shiga tsakanin mutane: maƙwabci ya fara auna kalmarsa a gaban maƙwabci, hirar zaure ta mutu in wani ya shigo, mai gaba da ɗan'uwansa a kan gona ko aure ya gane cewa hanya mafi sauƙi ita ce ya je ya ce wane ɗan NEPU ne. Alhali duk wannan kunne da aka baza a kan talaka bai ji abin da yake faruwa a baitulmali ba, sai da kuɗi suka ƙare wa En'e ta Kano, gwamnatin Arewa ta naɗa wani Bature mai suna Muffett ya yi bincike a 1962, Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963 ya koma Azare. Akwai siyasa a cikin wannan bincike, ba a musun haka. Amma da an bi tsarin Maghili an fara da ma'aikata da taskar hukuma, da ba a kai ga nan ba.

Bayan juyin mulkin 1966 aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, kunnen ya tashi daga fada ya koma Ikko. Kisan Janar Murtala Muhammed, ɗan wannan birni, ran 13 ga Fabrairu 1976, shi ya sa aka kafa hukumar leƙen asiri ta NSO, domin an ga 'yan sandan ciki ba su hango makircin ba. Shekara huɗu bayan haka aka jarraba ta a Kano. Muhammadu Marwa Maitatsine ba ɓoyayye ba ne: an taɓa korarsa daga Kano a 1962 ya dawo, wa'azinsa a fili yake yinsa, unguwar 'Yan Awaki ta cika da almajiransa, maƙwabta sun daɗe suna kuka da ƙwace musu wurare, har Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takardar ya tashi a watan Nuwamba na 1980. Ran 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke, kuma ƙididdigar hukuma ta ce mutum 4,177 suka mutu. Ba labari aka rasa ba, labarin yana bakin kowace mai tallar fura. Abin da aka rasa shi ne hukumar da za ta saurari kukan da aka kawo mata a fili. NSO ɗin nan kuwa ita ce a 1984 ta riƙa tsare mutane ba shari'a ƙarƙashin Doka ta 2, a shekarar da aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, ƙarƙashin Doka ta 4, har aka rushe ta a 1986 aka raba ta uku, SSS da NIA da DIA.

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren, domin mutumin Kano ba ya bukatar a koya masa amfanin leƙen asiri. Wanda ya ga ran 20 ga Janairu 2012, da aka kai hari ofisoshin 'yan sanda da na SSS aka kashe aƙalla mutum 185, ko ya ga Juma'ar 28 ga Nuwamba 2014 da aka tayar da bam a Babban Masallaci kusa da Gidan Rumfa aka kashe fiye da mutum ɗari suna sahu, ba zai ce a rufe idon hukuma ba. Wannan ita ce ainihin ɓarnar da ba ta gyaruwa wadda Mawardi ya halatta a keta sirri dominta, kuma jami'an da suka rasa rayukansu suna bin sawun masu ita suna da haƙƙin addu'a a kanmu. Jayayyar tana kan sharuɗɗan ne: wa ake nema, da wace hujja, wa ya ba da izini, wa kuma zai tuhumi mai binciken in ya ƙetare iyaka.

Abin da ya sa tambayar ta tsananta shi ne Sarkin Ƙofa yana ganin wanda ya wuce ta gabansa kaɗai, yana tsufa yana mantuwa, wayar da take aljihun kowa kuwa tana tare da mutum har cikin ɗakin matarsa, kuma na'ura ba ta mantuwa. An fara rajistar layukan waya a 2011, aka haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa daga Disamba 2020, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta wajabta wa kamfanoni su adana bayanan masu hulɗa da su har shekara biyu. A watan Afrilu na 2013, wata biyu kafin Edward Snowden ya tona wa duniya yadda hukumar leƙen asirin Amurka take tattara bayanan wayoyin miliyoyin mutanen da ba a tuhumarsu da komai, jaridar Premium Times ta ba da labarin kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin Nijeriya ta ba kamfanin Elbit Systems na Isra'ila don sa ido a kan hulɗar intanet. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya lamunce sirrin gida da wasiƙa da maganar waya, ƙa'idar sauraron waya ta 2019 kuma ta ce sai da izinin alƙali za a saurari waya, amma ta bar kafar gaggawa da za a fara sauraro a nemi izinin cikin awa 48, kuma talaka ba shi da hanyar sanin sau nawa aka bi ta wannan kafa.

Sai mai tona asiri, wanda mutane da yawa suke haɗa shi da magulmaci, alhali tazarar da take tsakaninsu malamai sun daɗe da bayyana ta: annamimi yana ɗaukar sirrin mai rauni ya kai wa mai ƙarfi don ya sami shiga, mai nasiha yana bayyana cin amanar mai ƙarfi don a tsare haƙƙin jama'a, yana sane da cewa shi zai fara shan wuya. Malaman da suka haramta giba su ne suka halatta ta ga wanda aka zalunta da mai neman a kawar da munkari. Kano ta ga misalin a kan ɗanta, Sanusi Lamiɗo Sanusi, wanda yana gwamnan Babban Banki ya ce dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga taskar gwamnati ba, aka dakatar da shi a Fabrairu 2014, jami'an SSS suka karɓe fasfonsa, sai da kotun tarayya ta yi hukunci a mayar masa a kuma biya shi diyya. In haka ta sami jikan sarki mai lauyoyi, mai karatu ya kimanta halin ƙaramin akawun da ya ga an ci kuɗin asibiti. Tsarin da Ma'aikatar Kuɗi ta fito da shi a Disamba 2016, na ba mai tona asiri kashi biyu da rabi zuwa biyar cikin ɗari na abin da aka ƙwato, tsari ne na ofis ba dokar majalisa ba, ya yi alkawarin lada fiye da yadda ya ba da kariya, kuma lada ba tare da tantancewa ba shi ne abincin annamimi tun zamanin jakadu.

Don haka ina kira ga 'yan majalisar da Kano take aikawa Abuja, da malamanmu masu hawa mumbari, da lauyoyinmu, da su nemi abubuwan da magabatansu suka riga suka shar'anta: kada a saurari wayar kowa sai alƙali ya ga hujja a kan mutum takamaimai, a wajabta wa hukumomin leƙen asiri su riƙa gaya wa majalisa adadin waɗanda suka saurara da waɗanda suka tsare, a kuma zartar da dokar da za ta kare ma'aikacin da ya bayyana cin amana daga kora da ɗauri. Hukumar Hisba ta jiha, wadda aka kafa da doka a 2003, ita ma wannan iyaka ta hau kanta kafin kowa, domin daga babin da aka haramta tajassusi aka samo sunanta da aikinta.